Tsabar Kan'ei Tsuho: kuɗin Japan mai araha da dillalai ke yi wa ƙaryar shekaru

Duk mai tara tsofaffin kuɗi zai ci karo da wannan tsaba a intanet, ana sayar da ita goma-goma ko hamsin-hamsin a ƙulli. Zagayayya ce mai huda a tsakiya kamar aninin da, sai dai hudarta mai kusurwa huɗu ce. Ta cancanci saye, amma ba a kan labarin da yawancin dillalai ke liƙa mata ba.

Zamanin Kan'ei a tarihin Japan, wanda aka sa wa tsabar sunansa, daga 1624 ne zuwa 1644. A 1636, lokacin mulkin shugaban soja Tokugawa Iemitsu, gwamnati ta fara zuba wannan kuɗi a Asakusa da Shiba cikin birnin Edo (Tokyo a yau), da kuma garin Sakamoto. Matsalar ita ce an ci gaba da zuba shi da suna ɗaya har bayan 1860. Don haka idan dillali ya rubuta 1636 a kan ƙulli gaba ɗaya, kada ka yarda. Yawancin abin da ke ciki ya zo ne bayan zamanin ya daɗe da shuɗewa.

Tantancewa ba ta da wuya. Fara da maganaɗisu. Wadda ta manne tam ta baƙin ƙarfe ce, kuma ba a fara irinta ba sai 1739, lokacin da jan ƙarfe ya yi ƙaranci. Su ne mafi muni a ƙulli: rubutu a dusashe, tsatsa ta ci gefe. Sannan juya bayanta. Harafi ɗaya a sama mai siffar 文 na nuna zubin unguwar Kameido ta Edo da aka fara a 1668, kuma a ganinmu ita ce mafi kyau ga mai farawa, don rubutunta ya fita tsaf, faɗinta wajen milimita 25, nauyinta kusan giram 3.7. Idan kuwa ka ga layukan igiyar ruwa a baya, wannan mon huɗu ce (mon shi ne ma'aunin kuɗin, tsabar gama-gari mon ɗaya ce), ta fi girma, wajen milimita 28. Mai layi 21 ta 1768 ce, daga shekarar da ta biyo aka koma layi 11. Huɗu irinta ke sayen kwanon taliyar soba a ƙarshen zamanin Edo na mulkin gidan Tokugawa, wato mon 16.

Wadda babu komai a bayanta ita ke buƙatar ido. Ana karanta haruffan gaba daga sama, ƙasa, dama, hagu. Dubi ƙafafun harafin hagu: in sun haɗe a sama kamar ス, tsohon zubi ne na kafin 1668; in sun rabu kamar ハ, sabo ne.

Kasancewar zubi aka yi a cikin yashi, ba bugu ba, ɗan kaushi a fuska ba aibi ba ne. Abin tsoro shi ne tsabar da ta yi santsi fiye da kima, ana kiranta uwar zubi, wato tsabar samfuri da ake danna wa a yashi don fitar da siffar sauran, ana tsawwala mata kuɗi. Akwai masu goge ta gama-gari su sayar da ita a haka.

Wajen ajiya ne aka fi yin asara. Kada a sa mata lemun tsami, toka ko man goge ƙarfe, domin duhun da shekaru suka shimfiɗa mata shi ne darajarta, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Burushi mai laushi ya isa. Koren gari mai haske da ke fita idan an taɓa shi alama ce cewa gishiri da danshi na cin ƙarfen; ware ta nan take. Ta baƙin ƙarfe a ajiye ta daban, kowace a ambulan na takarda, nesa da leda mai laushi, musamman da damina.