Gorar feshin bilic: jikinta ya yi, kanta ne ya ɓata ciniki

Gorar da nake nufi ita ce farar nan mai cin rabin lita, mai kan feshi da ake matsawa da yatsu, wadda ta cika tebura a kasuwar Nima da Makola. Amfanin da aka saye ta don shi ɗaya ne: a haɗa ruwan bilic da safe (Parazone dai, yadda muke kiran kowane iri a nan Accra), a rataye ta bakin banɗaki, wanda ya fito ya fesa a hannun ƙofa da kan famfo da mariƙin buta. A gidan haya mai banɗaki ɗaya da jama'a da yawa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma wanda ya ga kwalarar 2014 a garin nan ya san dalili.

Jikinta ban da abin kushewa. Ku juya gindinta za ku ga lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku, wato roba mai kauri da bilic ba ya ci, irin wadda ake zuba shi kansa bilic ɗin a kamfani. Kuma haske ba ya ratsa ta sosai. Rana da zafi su ne ke kashe ƙarfin kulorin, sinadarin da ke kashe cuta a cikin bilic, shi ya sa gorar ruwan sha mai garai-garai ba ta dace ba, balle ma yaro na iya ɗauka ya kurɓa.

Haɗin ma ya zo da sauƙi a wannan girman. Don goge abin da hannu ke taɓawa ana son ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. A duba jikin kwalbar bilic tukuna. In an rubuta 3.5, mililita 15 ne, babban cokali ɗaya ke nan, sauran kuwa ruwa ne har ya kai 500. In an rubuta 5, mililita 10 ya isa. Sirinji marar allura daga kemis ya fi cokali daidaito, ledar fiya wata guda ɗaya kuwa ita ce ma'aunin ruwan. Ruwan ya zama mai sanyi kuma mai tsabta, domin mai zafi yana lalata kulorin, mai laka kuma yana cinye shi kafin ya kai ga ƙwayar cuta. A fara zuba ruwa, bilic ya biyo baya, don kada ya fantsamo a ido.

To, kan feshin ne ya ɓata mini rai ƙwarai. Bai cika mako uku ba ya fara fitar da ruwa ja-ja, yana barin ɗigo a farin tayil da sai an dirje. Da aka kwance shi, ɗan sifirin na ƙarfe da ke mayar da mariƙin baya ya yi tsatsa duka, kuma yana zaune ne a hanyar da ruwan ke bi. Bilic yana cin ƙarfe, wannan duk mai harhaɗa kayan tsafta ya sani, don haka saka irin wannan sifirin a gorar da ake tallarta da sunan tsaftar banɗaki ganganci ne. Ɓarnar ba ta tsaya ga tabo ba. Tsatsar da ke komawa cikin gorar tana saurin rage ƙarfin haɗin, sai mutum ya riƙa fesa ruwa yana zaton yana kashe cuta. Daga baya mariƙin ya daina dawowa sai an ja shi da yatsa, ruwan ya fara zubowa ta ƙarƙashinsa yana bin wuyan hannu zuwa hannun riga. Iyayenmu mata masu baƙar abaya, ɗigo ɗaya ya isa ya bar fari har abada. Ramin bakin ma yakan toshe, saboda haɗin in ya bushe yana barin gishiri.

Akwai dabarar tsawaita ransa: kowace yamma a zubar da ragowar, a sa ruwa zalla, a matsa kamar sau goma har ya wanke cikin. Zubar da ragowar dama wajibi ne, tunda haɗin kwana ɗaya yake yi, gobe sai sabo. Amma a gidan mutum ashirin wa zai tsaya yana wanke kan feshi kullum? Sauƙin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Duk da haka ban ce a jefar da gorar ba. A cire kan, a nemo murfin roba zalla mai ɗan rami, irin na gorar sabulun wanke-wanke, a ɗauraye shi sosai a ɗaura. Ta haka ana tsiyayawa a tsumma a goge, kuma hakan ya fi feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma goge da tsumma ta ba da shawara a 2020, domin feshi yana tashi ya shiga ido da maƙogwaro, mai asma ya fi kowa wahala. A wanke dattin da sabulu tukuna, a goge da haɗin, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya. In jini ne ko amai ko kashi, wannan haɗin ya yi rauni, sai na kashi 0.5: ma'auni ɗaya na bilic mai 3.5 da ma'auni shida na ruwa. Kada kuma a haɗa shi da maganin wanke masai mai asid ko wani abu mai ammoniya, iskar da ke fita tana shaƙe mutum a ƙaramin ɗaki.

Na so in ba ta maki mai kyau saboda jikin, sai na tuna layukan awon da ke gefenta. Da tawada aka buga su, kuma ruwan da ya zubo daga kan ya share su tas, har 500 ɗin ba a gani. Wanda ya riga ya saya ya karce layin da ƙusa tun ranar farko, ya manna salatif ya rubuta BILIC da adadin mililitan da ake zubawa. Wanda bai saya ba ya ce mai tebur ya kwance masa kan ya leƙa, in ya ga ƙarfe a hanyar ruwa ya ajiye masa kayansa.