Wasiƙa daga Montreal: kafin ƙanwarmu ta ɗaura kaya

Yaya, barka da war haka, a gaida Inna da mutanen gida. Ka ce in faɗa maka gaskiyar kaya da hidimomin nan, tunda ƙanwarmu ta matsa sai ta biyo ni nan Kanada ta yi aikin koyarwa.

Kaya dai ba a magana. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwan famfo ake sha. Ganin likita da katin RAMQ, wato katin inshorar lafiya na gwamnatin lardi, ba a biyan ko sisi, sai dai baƙo kan jira har wata uku kafin katin ya fara aiki, kuma a ɗakin gaggawa sai ka yi gyangyaɗi ka farka ba a kira ka ba.

Abin da ba a gaya wa masu zuwa shi ne, a lardin Kubek, inda Montreal take, harshenka ne ke buɗe maka ƙofa. Tun dokar 1977, wadda suke kira Doka 101, 'ya'yan baƙi makarantar gwamnati ta Faransanci suke shiga. A 2022 aka ƙara Doka 96: baƙo in ya cika wata shida, ma'aikatun gwamnatin lardin da Faransanci za su yi masa magana, ban da abin da ya shafi lafiya da tsaron jama'a. Gwamnati tana koyar da harshen kyauta, wannan na yaba musu, amma wane ne zai iya Faransanci a wata shida yana aikin dare?

Ina ganin bambancin kullum a jikina. Da ni da wani Bahaushen Nijar muka je neman aiki a wani kamfanin tura kaya. Fatarmu ɗaya, sallarmu ɗaya. Shi ya gaisa da Faransanci, aka zaunar da shi a tebur yana amsa waya. Ni da Turancina na Najeriya, da digirina a jaka, aka nuna mini ɗakin ajiya da kwalaye.

To amma Faransancin ma bai isa ga kowa ba. Matar Bahaushen Nijar ɗin nan ta fi shi iya harshen, malama ce tun a gida, ga takardunta. Doka 21 ta 2019 ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati, da 'yan sanda da alƙalai, sanya alamar addini a bakin aiki. Shi hularsa yana cirewa ya sa a aljihu, babu mai tambaya. Ita kuwa hijabinta ba abin cirewa ba ne, don haka yanzu yaran maƙwabta take yi wa darasi a falonta da yamma. Ga ta baƙa, ga ta mace, ga ta Musulma, kowanne da nasa shingen.

Ƙanwarmu ba ta da Faransanci, kuma ba za ta ajiye hijabi ba. In dai koyarwa take so, ta nemi lardin Ontario, inda ake karantarwa da Turanci kuma babu wannan dokar. Ta fara bincika yadda ake tantance takardun malamai a can tun kafin ta biya kuɗin jirgi.