Wutar CDI a Peugeot 103: mai babban volan ko mai ƙaramin rota?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wace wutar CDI (wutar lantarki mai akwati, wadda ba ta da filatin) za ka ɗaura wa mobilet ɗinka Peugeot 103, mai babban volan (faifan maganaɗisu mai nauyi da ke juyawa a bakin sandar injin) ko mai ƙaramin rota na ciki (ɗan ƙaramin maganaɗisu mara nauyi): ka ɗauki mai babban volan. Duka biyun sun zauna a injina, don haka ba da ka nake faɗa ba.

Mobilet ɗin da nake hawa na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, kuma da filatin na gaje shi, wato tsohuwar wuta mai 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa. Duk wanda ya yi bazara a Garwa ya san abin da nake nufi. Watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka yi tafiyar minti ashirin sai injin ya fara tari, ya mutu, ka tsaya a gindin darbejiya sai ya huce. Kondansata ce, 'yar na'urar nan da ke aiki tare da filatin, ke gajiya da zafi. Ga ƙura, ga bakin filatin da dole a riƙa komawa ana daidaita shi a milimita 0.4. Shi ya sa na nemi canji.

Na fara da ƙaramin rota, don na ga yara suna yabonsa. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: yana sa injin ya ɗauki wuta da sauri, wanda ke tsere zai so shi. Amma wanda na saya ba ya ba da wutar fitila ko kaɗan, ralanti, wato juyin injin in ba ka ba shi wuta ba, kuma ba ya zama, da ka saki hannu a mahaɗar hanya sai ya mutu. Wata Lahadi magariba ta kama ni a hanyar dawowa daga kasuwar Pitoa, da buhun gero a baya, babu fitila, manyan motoci suna wuce ni. Washegari na sa aka cire ƙaramin rotan.

Wani dattijon bakanike ne a Yelwa, Baba muke ce masa, ya ɗaura min mai babban volan. Bai yi gaggawa ba. Ya wanke bakin sandar injin da fetur, ya goge shi tas, ya ce wurin nan ba ya son maiƙo ko ɗigo. Ya auna, ya ɗaure, ya sake aunawa, sannan ya ce in taka feda. Taku biyu ya tashi, da irin ƙarar nan mai natsuwa da na sani tun ina yaro a bayan mahaifina. Daga ranar ban sake tsayawa jiran injin ya huce ba. Filatin da tsohuwar kondansar sun tafi, nauyin volan kuma shi ne sirrin zaman injin. Idan ka shiga yashi ko ka ɗauko kaya, nauyin nan ne ke riƙe juyin injin tsakanin bugu da bugu, ba ya barinsa ya shaƙe. Kuma a cikinsa akwai bobin ɗin fitila, wato naɗin wayar da ke ba ta wuta, ka ga dare bai zama abin tsoro ba. Sai dai ka duba takardarsa: tsohuwar wutar 103 mai filatin volt 6 ce, da yawa daga sababbin kuwa 12 ne. In haka ne sai ka canza ƙwayayen fitila, ka sa regilato mai daidaita ƙarfin wuta, in ba haka ba kullum kana sayen ƙwai.

Yanzu abin da ya fi sayen muhimmanci, wato saitin lokacin wuta. A 103 mai filatin babu wani ɗan ƙarfe da ke kulle volan a wuri ɗaya. A kan kon, wato bakin sandar injin mai tsukewa, kawai yake zama, matsi ne ke riƙe shi, inda ka ajiye shi nan wuta za ta riƙa tashi. To ba a yin wannan aikin da ido. Ka cire buji, ka ɗaura ma'aunin nan da ake murɗawa a raminsa, wanda makanikai ke ce wa pij. Ka juya injin a hankali har fistin ya kai ƙarshen sama, ka riƙe wannan wurin a matsayin sifiri. Sai ka mayar da shi baya, saɓanin yadda injin ke juyawa in yana aiki, har fistin ya sauka milimita 1.5. Wannan shi ne ma'aunin 103 da ba a taɓa cikinsa ba. A nan za ka zura volan yadda alamar da ke jikinsa za ta yi daidai da ta jikin farantin bobin. Ka ɗan buga shi da katako ya kama, ka ɗaure noti ba tare da komai ya motsa ba, sannan ka sake aunawa. Wannan sake aunawar kada ka tsallake ta, don wajen ɗaurewa ne ya fi gocewa.

In takardar da ta zo da kayan ta ba da wani adadi daban, ita za ka bi. A nan ne masu ƙaramin rota ke yawan yin asara, domin wasunsu ma'auninsu bai kai milimita 1 ba, tunda akwatin CDI da kansa yake matsar da lokacin wuta gwargwadon gudu. Mutum ya zo ya sa masa 1.5 kamar yadda ya saba, wuta ta riƙa tashi da wuri, injin ya yi zafi yana ƙwanƙwasa, a ƙarshe fistin ya huje. Da man kwalba na bakin hanya da yawancinmu ke sha, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba, abin ya fi saurin faruwa. In kuwa wutar ta makara, mashin zai yi nauyi, ba ƙarfi a hawa, salansa ta ɗau zafi.

Abu biyu ƙanana masu kashe akwatin CDI: wayar mas, wato wadda ake ɗaurewa a jikin mashin, da ba ta kama ƙarfe mai tsabta ba, da taka feda alhali buji ba ya haɗe ko ba ya taɓa jikin injin. Ka kankare fenti a inda za ka ɗaure mas. Akwatin kuma ka ɗaure shi inda iska ke samunsa, nesa da silinda.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. 103 kon biyu gare shi, babba a masu filatin, ƙarami a waɗanda suka fito da wutar lantarki daga kamfani. Akwai mai ce maka nasa yana shiga kowanne. Kada ka yarda da faɗar baki, kuma in ka ɗaura ya yi alama a jiki mai kayan ba zai karɓa ba. Akwai masu wanke tsohon bobin su shafa masa baƙin fenti su mayar cikin kwali, akwai masu zare akwatin asali su sa wani. Ka buɗe a gabansa, ka shinshina bobin ko yana warin ƙuna, ka duba bakin wayoyin ko an taɓa haɗa su. Na mobilet ɗin MBK 51 ma kada a lallaɓa maka shi, ba ɗaya suke ba, har notin volan ɗinsa ta hagu ake ɗaure shi.

Ka ciro tsohon volan ɗinka da ƙarfen cire shi, ba da guduma ba, ka tafi da shi kasuwa a hannu, tare da bakaniken da zai ɗaura. Mai babban volan, mai bobin ɗin fitila, babban kon in naka mai filatin ne. Tsohon filatin ɗin kuma ka naɗe shi a leda ka ajiye a gida. Allah ya sa albarka.