Kwalin roba ko fom? Ga wanda zan ce ka gina jirginka da shi

Ƙanena, ka tambayi abin da za ka gina ƙaramin jirgin samanka na farko mai rimot da shi. Tsakanin kwalin roba da fom, wato allon kumfa mara nauyi, ɗauki kwalin roba ka huta. Ina nufin robar nan mai rami-rami a ciki da masu buga allunan talla ke aiki da ita, wadda wasu ke kira Correx, wasu Coroplast. Ka zagaya Asafo wajen masu ɗab'i ka tambaya. Falle guda ƙafa 4 ne a ƙafa 8, ya ishe ka jirgi biyu har da ragowar gyara. In bakinka na da daɗi, yankakkun da suka rage musu ma za su bar maka a kuɗi kaɗan.

Dalilina ɗaya ne: jirgin farko na faɗuwa ne. Duk wanda ya ce maka ya koyi riƙe rimot bai taɓa dasa hancin jirgi a ƙasa ba, kallo yake yi, ba tuƙi ba. Nawa na kwalin roba, wani ja da fari da har yanzu rubutun tallan ke jikin fiffikensa, ya sha duka ba kaɗan ba. Wata Lahadi a wani filin ƙwallo can hanyar Ejisu, iska ta kwashe shi ta maka da ƙarfen raga. Yaran da ke kallo har sun fara yi mini jaje, wani ma ya riga ya roƙi in bar masa gawar. Da muka isa, farfela ce kawai ta karye, sai gefen fiffike da ya ɗan lotsa. Na miƙar da shi da hannu, na ɗaura wata farfelar, kafin a kira la'asar ya koma sama. Robar ba ta tsagewa, lanƙwashewa take yi ta dawo. Ba banza ba masu wasan karon jirage a Amurka suka rungume ta, suka fito da salon da suke kira SPAD: fiffike na kwalin roba, gangar jiki ta bututun PVC na indararo, a yi karo a sama, a faɗo, a karkaɗe ƙura a sake tashi.

Fom kuwa, na taɓa sayensa, ba zan ƙara ba. Gaskiya ya fi sauƙin nauyi, yana tashi a hankali, kuma gam na kyandir ya ishe shi. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Wanda ake samu a nan mai takarda ne a baya da ciki, kai kuma ka san Kumasi: damina biyu a shekara, ga raɓar safiya a kan ciyawa. Takardar na shan laima sai ta saki, fiffike ya murɗe. Sufa gulu na cinye shi, fentin feshi ma haka.

Amma kada in ɓoye maka aibin abin da nake yabo. Kwalin roba na da nauyi, kuma nauyi a jirgi yana nufin gudu, domin dole ya ƙara sauri kafin fiffike ya ɗauke shi. Mai kauri milimita 4 yana kai wajen giram 700 a kowace murabba'in mita, mai milimita 2 kuwa kusan rabin haka da ɗan ɗori. To, fiffike mai tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 22, in ka naɗe shi sama da ƙasa, ya ci fiye da rabin murabba'in mita. Ka ga da mai 4 ka riga ka zuba kusan giram 400 a fiffike kaɗai, ba a zo maganar batir ba. Saboda haka mai 2 za ka nema don fiffike, mai 4 ka bar wa wutsiya. A cikin fiffiken ka sa siririn katako mara nauyi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, shi ne ƙashinsa. Kuma kada ka ce za ka fara da ƙarami don tsimi. Ƙaramin jirgin roba gudu ne da shi kamar an koro shi, sabon hannu ba ya iya bin sa. Ka yi babba, ka tsare nauyinsa duka a wajen kilo 1.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne gam. Wannan roba irin wadda gam ba ya so ce, fuskarta santsi gare ta. Ka shafa sufa gulu haka kawai, ka bari ya bushe, da yatsa biyu za ka ɓare shi. Abin da ake yi: ka goge wurin da soson ƙarfe na wanke tukunya har sheƙin ya dushe, ka share da sifirit, sannan ka wuce da harshen wuta a kai da sauri, wucewa kawai, kada ka tsaya ta narke. Bayan nan ka ɗiga gam ɗigo-ɗigo, tazarar yatsa guda, ka danne. Malala shi da yawa ba ya ƙara ƙarfi, hana shi bushewa yake yi. Duk inda zai ɗauki jijjiga, kamar mazaunin moto da gindin wutsiya, ka huda ka zarge da kebul tai, wato siririn maɗaurin roba na wayoyi. Fiffike kuma da robar ɗaurin kuɗi masu kauri ake ɗaure shi a gangar jiki, don in an yi karo ya zame maimakon ya karye.

Ramukan nan ma aiki suke yi maka. Inda kake son wutsiya ta riƙa motsi, ka bi rami ɗaya da reza ka cire fatar gefe guda, ka bar ɗaya gefen. Shi ke nan ka samu mahaɗin da zai yi ta lanƙwasa bai gaji ba, ba ka sayi komai ba. Inda ya yi laushi kuma, ka zura tsinken tsire a cikin ramin mai 4, daidai yake shiga.

Kayan wuta ba su da bambanci ko kwalin roba ka zaɓa ko fom: moto 2212 mai 1000KV, ESC (na'urar da ke sarrafa gudun moto) mai amfiya 30, farfela 10x4.5, batir LiPo 3S mai 2200mAh, sarbo (ƙananan injunan da ke motsa wutsiya) masu giram 9, da rimot irin FlySky FS-i6. Kafin ka jefa shi, ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen santimita 6 daga gaba in faɗinsa 22 ne. Ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya. In wutsiya ta rinjaya, matsar da batir gaba, kada ka yi gardama da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wani zai miƙo maka farin allon PVC mara rami ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, wannan ya fi nauyi kuma karyewa yake yi. Wani zai kawo maka na rufin baranda mai ɗaukar ido, shi ma nauyi. Wani kuma tsohon allon da ya shekara a rana zai wanke ya sayar maka. Lanƙwasa kusurwarsa a gabansa: in ya yi ƙara ya tsage, rana ta gama da shi, ajiye masa kayansa. Kauri kuma ka auna da kanka, kada a ba ka 3 a ce 2 ne. Masu batir a intanet sun fi kowa. In ka ga 2200mAh ya yi sakayau a hannu, ka tsaya, na gaskiya yana kusan giram 180. In ya kumbura ko kaɗan ne, ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi ɗakin da kake kwana. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi ta MoMo kafin ka riƙe kaya a hannunka.

Sai wurin tashi. Mu na Aboabo da Asawase filin jirgin Prempeh I na nan a bayan gidanmu, don haka ko gwaji kada ka yi a unguwa. Tun 2016 GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, ta kafa dokar jirage marasa matuƙi, har da batun rajista, ka nemi bayaninsu kafin ka fita. Ka fice wajen gari, fili mai faɗi, ba wayoyin wuta, ba taron jama'a, da sassafe kafin iska ta taso, kuma ka jefa shi yana fuskantar iskar. In ka haɗa fiffiken, turo hotonsa nan mu gani kafin ka manne shi, don wurin da ka sa katakon nan ba ya gyaruwa bayan gam ya kama.