Turbo mai VGT ko mai tsayayyen gida: wanne zai zama ƙarami a jeren turbo biyu?

Alhaji, na ga tambayarka kan motarka Ram 2500 mai injin Cummins 6.7 da kake jan tirelar dabbobi da ita tsakanin Jidda da Ɗa'ifa. Kana son ƙara babban turbo su zama biyu, kuma kana neman sanin ko ka bar VGT ɗin da ta zo da shi, wato turbo mai iya tsuke hanyar hayaƙinsa ya kuma buɗe ta, ko ka cire shi ka sa mai tsayayyen gida, wanda hanyar hayaƙinsa ba ta canzawa, da wesget, wato bawul mai sakin rarar hayaƙi. Ni dai ra'ayina ka bar shi. Ga dalilina.

A jeren biyu, babban turbo ne ke zuƙo iskar waje ya matsa ta, ya miƙa wa ƙarami ya ƙara matsawa. Hayaƙi kuwa ƙaramin yake fara bi, sannan babba. Matsin nasu ninkawa yake yi: in babba ya ninka iska sau 2, ƙarami ya ninka sau 2.5, ka samu sau 5 ke nan, wajen psi 59 a geji a bakin teku. Da yake ƙaramin ne ke fara karɓar hayaƙi, shi ke yanke yadda mota za ta tashi daga tsaye.

A nan VGT ya yi wa mai tsayayyen gida nisa. Mai tsayayyen gida faɗin hanyarsa ɗaya ne: ka zaɓi matsattse ya tashi da wuri amma ya shaƙe a sama, ka zaɓi mai faɗi ka taka totur ka jira, baƙin hayaƙi na tashi a bayanka. VGT kuwa yana tsuke hanyar hayaƙi in injin na ƙasa, ya buɗe ta in ya hau. Na kamfanin Garrett fiffike ne ke juyawa a ciki, na kamfanin Holset da ke motarka kuma zobe ne ke zamewa gaba da baya. Ba sabon tunani ba ne: Ford ta fitar da injin Power Stroke 6.4 daga 2008 zuwa 2010 da turbo biyu tun daga kamfani, ƙaramin VGT, babban tsayayye.

Abin da ya fi damuna game da kai shi ne gangara. Ɗa'ifa ta haura mita 1,800 bisa teku. In ka sauko da tirela cike, zoben nan ne ke rufewa ya zama birkin hayaƙi, ya riƙe motar ba tare da ka ƙona birkin ƙafa ba. Ka cire VGT, birkin ya tafi tare da shi, sai ka sayi wani daban ka ɗaura a bututun salansa. Rayukan dabbobi da naka ne a kan wannan.

Amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Ƙwaƙwalwar motar ce ke sarrafa zoben, kuma saitinta na turbo ɗaya ne. Da babba ya fara turo iska, in ba a sake saitin ba, zoben zai ci gaba da tsukewa lokacin da ya kamata ya saki. Matsin hayaƙi ya haura matsin iska nesa, zafi ya taru, gasket ɗin kan injin ya tashi. Na taɓa buɗe irin wannan a warsharmu a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota: kayan duk masu kyau ne, saitin ne ba a taɓa ba. Shi mai wesget ba ruwansa da wannan rigima, sifirin ne da bututun iska, kowane bakanike zai iya daidaita shi, kuma in ƙarfin tsere ake nema shi ya fi barin hayaƙi ya wuce.

Sai kunkunniya. A zafin nan namu mutum kan bar mota a kunne awa guda saboda sanyin ciki, kuma hakan ne ke sa zoben ya cushe ya maƙale. Na'urar lantarkin da ke tura shi ma ba ta da araha. Ka riƙa kunna birkin hayaƙi kullum, ko babu kaya, don zoben ya riƙa motsi.

In ka yarda da ni, ka haɗa VGT ɗin da babban turbo irin BorgWarner S475, ka canza kusoshin kan injin zuwa masu ƙarfi, ka sa geji uku: matsin iska, matsin hayaƙi da zafin hayaƙi. A doguwar hawa kada zafin ya zauna sama da digiri 675 a ma'aunin Salsiyos, matsin hayaƙi kuma ya kasance kusa da na iska. In ya ƙi sauka bayan an gyara saiti, a ƙara wesget na waje da zai kewaye ƙaramin ya zuba hayaƙi kai tsaye cikin babban. Kafin ka biya kuɗin ko ƙusa ɗaya, ka fara samo wanda ya iya saitin VGT a jeren biyu, ka kuma tambayi yadda motar za ta wuce fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, bayan aikin.