Ƙaramin Jirgin Spitfire na Kamfanin Airfix

Samfurin jirgin saman yaƙi na Spitfire nau'in Mk.Ia da kamfanin Airfix na Ingila ya fitar a ma'aunin 1/72 (wato ya fi ainihin jirgin ƙanƙanta sau 72) ya cancanci kuɗinsa, domin sassansa na roba suna haɗuwa ba tare da wahala ba, kuma siffar fukafukan wannan jirgi da ya kare Birtaniya a 1940 ta fito daidai. Na yi masa fenti kore da ruwan ƙasa, sannan na tsiyaya baƙin fenti mai ruwa-ruwa cikin layukan jikinsa, waɗanda zurfinsu ya riƙe shi sosai. Tabon hayaƙi a bayan salansa da ɗan ƙarzuwa inda matuƙi yake takawa ne suka ba shi kamannin jirgin da ya sha aiki. Sai dai a yi hattara da gam kusa da gilashin mazaunin matuƙi.