Gargaɗi: fawa-fak mai sitikar wat 750 ya ƙone min katin girafik

Naira dubu 85. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Dubu 85 na tura wa wani mai tallar kayan kwamfuta a Facebook, kuɗin fawa-fak, akwatin nan da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta. Ya ce wat 750 ne, mai shaidar 80 Plus Gold ta rashin ɓarnar wuta, sabo dal a kwali.

Kada wani ya zo ya ce ban bincika ba. Na yi lissafina tsaf. Katin girafik ɗina, wato katin da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, RTX 3060 ne, yana cin wat 170, kamfanin Nvidia mai shi ma fawa-fak mai wat 550 ya ce a nema masa. Furosesata, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i5-12600K, tana kai wat 150 in aiki ya yi mata yawa, kuma ina da niyyar ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya saita, wanda sai an ɗaga boltej, cin wuta kuwa yana tashi fiye da yadda gudun ke tashi. Shi ya sa na nemi 750, don a samu rara. Duk na faɗa wa mai tallar. Ya kira ni ta bidiyo, ya juya kwalin a gaban kyamara, ya ce "Yallaɓai, wallahi irinsa ne a kwamfutata, amana ce tsakaninmu." Amana! Wannan kalmar ce ta sa na tura dubu 85 tun kafin ya kai tasha.

Da mai gyara ya kwance fawa-fak ɗin bayan ya ƙone min katin, sai ya ɓare sitikar sama, ga wata tsohuwa a ƙasa: layin bolt 12, amfiya 20. Bolt sau amfiya shi ne wat, 12 sau 20, wat 240 ke nan. Kuma wannan layin ne ke ciyar da furosesa da katin girafik, su biyun kaɗai wat 320 suke nema kafin a taɓa komai. Na gaskiya mai 750 yana ba da kusan amfiya 62 a wannan layin. Wayoyin ciki sirara, kafasitoci masu riƙe caji sun kumbura, babu kariyar da za ta yanke wuta in lodi ya yi yawa.

Ina cikin gwajin gudu aka ji tas, sai ƙauri, allo ya mutu. Ba NEPA ba ce, ta sitabilaiza nake jan wuta. Tun ranar da kayan suka iso ma na ce wa mai tallar akwatin bai da nauyi, ya ce sabon samfuri ne, haka suke zuwa yanzu. Kafin nan ya yi min alkawarin garantin shekara guda. Da na tura masa hoton katin da ya ƙone, ya karanta, ya yi bulokin ɗina. Dubu 85 sun tafi, katin da na daɗe ina tara kuɗinsa ya bi su.

Sikirinshot na hirarmu, rasidin banki da hoton sitikun biyu duk suna hannuna, zan ɗora su in na gama da bankina. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku duba amfiyar layin bolt 12, ku nemi lambar samfurin a shafin 80 Plus, kuma kada ku biya sai kaya sun zo hannu.